Yadda ake tsaya wa mai fama da ƙiba, daga cikin gida har zuwa asibiti

Yawancin tambayoyin da ke zuwa mana kan ƙiba daga Birnin Kebbi, Jega, Argungu da Yawuri, 'yan'uwa ne ke aiko su. Ɗa ne da ya ga mahaifiyarsa ta daina zuwa suna da ta'aziyya saboda gwiwa ta ƙi. Mace ce da maigidanta ke minshari har numfashinsa ya ɗauke cikin dare. Yaya ce da ƙanwarta ta bar Islamiyya don yara sun laƙaba mata suna. Tambayar tasu kusan ɗaya ce: ta ina ake farawa ba tare da an ɓata wa mutum rai ba?

Ga matakan a jere, kuma a bi su yadda suka zo. Gidaje da yawa daga mataki na biyar suke somawa, wato rage abinci, shi ya sa kafin wata ya cika an yi fushi an watse. Ƙiba ciwo ce mai zama da mutum, irin hawan jini da ciwon sukari. Akwai gado a cikinta, akwai haihuwa, magunguna, ƙarancin barci, damuwa, da sana'ar da ke ajiye mutum wuri ɗaya tun safe har dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na ɗauke da ita. Aikin da ke gabanku jinya ce, da haƙurin jinya za a yi shi.

Mataki na 1: Neman izinin magana

Mutum ɗaya zai yi maganar, wanda mai ƙibar ya yarda da shi. Kada a tara dangi. Kada a ɗauko ta a kan abinci, ko gaban kishiya, surukai ko yara.

A shiga ta ƙofar abin da mutum ke kuka da shi da bakinsa: gwiwa, haki, ciwon baya, rashin barci. Ɗa zai iya cewa, "Inna, na ga gwiwar nan tana hana ku sukuni. Ko za ku yarda in raka ku a duba ta, a haɗa da awon jini?" Mace kuma ta ce wa mijinta, "Malam, numfashinka na ɗaukewa cikin barci, abin yana tsorata ni. Don Allah mu je a duba." Idan an ce a'a, a bar zancen, a sake taɓa shi bayan mako biyu ko uku. Babu mai ƙibar da bai san yana da ita ba. Tela ya gaya masa, ɗan kamasho a tasha ya gaya masa. Tayin rakiya ne bai saba ji ba.

Gargaɗi: Sunaye irin "lukuti", "buhu" da "mai teɓa" su fita daga bakin 'yan gida baki ɗaya, har wanda ake fakewa da wasan jika da kaka ko na taubasai. Gori ba ya rage wa mutum ko giram ɗaya. Abin da yake haifarwa shi ne ci a ɓoye, ƙin fita, da gudun asibiti. A kuma rage yabon da ke ɗaure mutum, irin "hutu ya karɓe ki" da ake yi wa amarya, domin shi ne ke sa wadda ta fara raguwa ta ji tsoron a ce miji ba ya ciyar da ita.

Mataki na 2: Awo a gida

Kayan da ake buƙata: tef ɗin tela, littafin rubutu na 'yan makaranta, igiya, da sikelin tsayawa. Tef da littafi kuɗinsu bai kai na tiyar shinkafa ba. Sikeli ne mai ɗan tsada, kuma kafin a biya a duba iyakarsa a jikin kwali, don da yawa a kilo 150 ko 180 suke tsayawa. A ajiye shi a kan siminti. A kan yashi ko kafet ƙarya zai faɗa.

Nauyi: sau ɗaya a mako, da safe, bayan an zaga, kafin a karya. Awo kullum yana karya zuciya, saboda ruwan jiki kaɗai na iya sauya lambar da kilo ɗaya tsakanin yau da gobe.

Tsawo: a jingina da bango ba takalmi ba hula, a yi alama, a auna.

Lissafin da ma'aikatan asibiti ke kira BMI: a ninka tsawo a mita da kansa, sannan a raba nauyi da abin da ya fito. Mace mai kilo 96 da tsawon mita 1.62: 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, a raba 96 da shi, a samu kusan 36.6. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya haura, daga 30 ƙiba ce, daga 40 mai tsanani ce. Wannan lissafin ba na mai juna biyu ba ne, ba na yara ba ne, kuma yana zaluntar ɗan dako ko manomin da jikinsa tsoka ce.

Ƙugu ya fi faɗin gaskiya, domin kitsen ciki ne ke jawo sukari da ciwon zuciya. A zagaya tef a tsakiya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, bayan an fitar da numfashi, ba a shanye ciki ba. Haɗari na farawa daga santimita 80 ga mace da 94 ga namiji, ya yi yawa daga 88 da 102. Wanda ba ya son lambobi, a yanka igiya daidai tsawonsa, a lanƙwasa ta gida biyu daidai. Idan ba ta zagaye ƙugu ba, akwai aiki.

Gargaɗi: A tabbatar ƙiba ce, ba kumburi ba. A danna babban yatsa a kan ƙashin ƙauri na daƙiƙa biyar. Idan ya bar rami, ko nauyi ya ƙaru da kilo biyu cikin 'yan kwanaki, ko mutum ba ya iya kwanciya sai ya tara filo, ruwa ne. Zuciya, ƙoda ko hanta ke neman a duba su a ranar, ba batun rage tuwo ba ne.

Gargaɗi: Ko sikelin gida ya gaza, kada a kai ɗan Adam kan sikelin buhu a kasuwa. Kunyar ranar za ta rushe duk abin da aka gina.

Mataki na 3: Tattara duk abin da ake sha

A samu leda ɗaya a zuba kowane magani da ke ɗakin: na asibiti, na kemis, na gargajiya, na mata, har man shafawa. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma sau da yawa a nan amsar take.

Ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" galibi deksametason ne ko sifroheftadin. Na biyun yana buɗe ciki ya sa barci. Na farkon ya fi muni: yana tara ruwa da kitse a fuska, ƙeya da ciki, ƙafafu kuma su sirance, fata ta yi nankarwa masu faɗi, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni. Ana samun irinsa a wasu haɗe-haɗen ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, da kuma wasu mayukan bilicin. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku na ƙara wa wasu mata nauyi. Haka wasu magungunan taɓin hankali, na farfaɗiya, da allurar insulin ta masu ciwon sukari.

Gargaɗi: Kada a tsayar da ko ɗaya da kanku. Wanda ya yi makonni yana shan deksametason, idan ya yanke rana ɗaya jininsa na iya faɗuwa ya suma, har a rasa rai. Likita ne ke sauke shi sannu a hankali. Maganin taɓin hankali da na farfaɗiya ma canza su ake yi idan akwai hali, ba jefarwa ba.

Mataki na 4: Zuwa asibiti da rakiya

A fara da asibitin da ke kusa, na mazaɓa ko babban asibitin ƙaramar hukuma. Idan ana buƙatar ƙwararre, daga nan ake turawa Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wanda ke da rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KECHEMA, ya tafi da katinsa ya tambayi gwajin da ke ciki kafin ya biya daga aljihu.

A je da safe, awa takwas ba a ci komai ba sai ruwa, a riƙe ledar magunguna da littafin awo. Idan kuɗi ya yi kaɗan, ga jerin fifiko: awon jini, sukarin safe, fitsari, sannan aikin ƙoda, kitsen jini da hanta. Jini daga 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya hawan jini ne. Sukarin safe daga 126, ko 7.0 a injin da ke nuna ƙananan lambobi, yana nuna ciwon sukari idan an maimaita an sake samu. Daga 100 zuwa 125 mutum yana bakin ƙofa, kuma a nan ne gyara ya fi amfani.

A gaya wa likita waɗannan ko bai tambaya ba: minshari mai ɗaukewar numfashi da gyangyaɗin rana, musamman ga direba ko ɗan kabu-kabu, al'adar da ta rikice tare da gashi a haɓa da jinkirin samun ciki, jin sanyi, kasala da bushewar fata, wanda kan sa a auna tayirod, halittar gaban wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, da baƙin ciki ko cin abinci ba ji ba gani a ɓoye.

Gargaɗi: Maɗaurin injin awon jini ya dace da damtse. Na yau da kullum yawanci daga santimita 22 zuwa 32 yake. Idan aka matsa shi a damtsen da ya fi haka, lambar za ta haura gaskiya, a ɗora wa mutum maganin da ya wuce buƙatarsa. Ku auna damtse da tef tun daga gida, ku nemi babban maɗauri. Mai sayen inji na gida ma ya duba wannan kafin farashi.

Aikin ɗan rakiya shi ne ya hana a jingina kowane ciwo ga nauyi. Cikin ladabi ya ce, "Likita, mun ji batun nauyi, kuma muna kansa. Amma ciwon cikin nan na kwana huɗu, me za a duba a kai?" An sha sallamar mai ƙiba da "je ka rage ci" alhali wata cuta ce daban ke cinsa.

Mataki na 5: Gyaran tukunyar gida

Dokar farko: tukunya ɗaya ga kowa. Ranar da aka ware wa mutum kwanon ganye ana cin masa da miyar taushe a gabansa, an gama da shirin. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowace mai girki sai ta san tsarin, kuma maigida ne ya kamata ya faɗe shi a matsayin tsarin gida saboda lafiyar kowa, ba saboda wance ba. Mai cefane ma dole ya shigo, don abin da ya kawo shi ake dafawa.

Canji ɗaya a lokaci ɗaya, kowanne mako biyu.

Abin sha ne farko, saboda shi ya fi sauƙin bari kuma ba ya ƙosar da kowa. Ƙaramar kwalbar lemo ta gilashi na ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara, ta roba mai rabin lita kusan sha uku. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum a yini kusan cokali sha biyu ce, kuma ta ce shida ya fi. Malt bai tsira ba. Zoɓo da kunun aya na sayarwa, yogot, da furar da aka dama da sukari duk a layi ɗaya suke. Mai shan shayi kofi uku da cokali uku-uku ya sha tara kafin ya taɓa abinci. A rage cokali ɗaya kowane mako, harshe zai saba. Zuma da mazarƙwaila ba mafita ba ne, jiki sukari yake ɗaukarsu.

Na biyu mai. Babban cokali ɗaya na mai kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 120 ne, manja ne, man gyaɗa ne ko man shanu. A daina tsiyayawa daga galan, a auna da cokali, a soma da cokali ɗaya ga kowane mutum a tukunyar miya. Miyar da mai ke yawo a samanta, a kwashe shi kafin a zuba. Alala ta maye gurbin ƙosai a wasu ranaku, kifi a gasa ko a yi farfesu, awara a jefa a miya maimakon suya.

Na uku malmala. Ba wanda zai ce wa mutumin Kabi ya rabu da shinkafa, kuma ba a buƙatar haka. A rage kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka saba, bayan mako biyu a sake ragewa, har malmalar ta dawo kamar dunƙulen hannun mai cin. Gurbin da ta bari a cike shi, in ba haka ba yunwa za ta yi nasara: rabin faranti ganye, kashi ɗaya cikin huɗu kifi, wake, ƙwai ko nama marar kitse, sauran tuwo ko shinkafa. Zogale, rama, tafasa, alayyafo, yakuwa, lalo, kabeji, duk suna kasuwa da araha. Kwaɗo abinci ne mai kyau idan ba a nutsar da shi a mai ba. A riƙa sauya tuwon shinkafa da na dawa ko gero da ba a surfe su ƙwarai ba, a haɗa shinkafa da wake rabi da rabi. Inda ake ci a tire ɗaya, babu mai sanin abin da ya ci, don haka kowa ya samu farantinsa. Ma'aunin da Annabi (SAW) ya bayar, sulusin ciki abinci, sulusi ruwa, sulusi numfashi, ya shafi kowa a gidan, kada a mai da shi sandar dukan mutum ɗaya.

Na huɗu gishiri, saboda jini. Iyakar yini ƙasa da giram biyar ce, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. A rage shi, a ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa.

Kuɗin da aka rage na lemo da mai shi za a mayar kan kifi da ganye, don haka cefanen bai cika ƙaruwa ba.

Abin da ake nema a wata shida shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi. Ga mai kilo 96, kilo biyar zuwa goma ke nan, ƙasa da rabin kilo a mako. Wannan kaɗai na sauke jini da sukari, ya sassauta gwiwa. Bayan wasu watanni sikeli zai tsaya, yunwa ta ƙaru, saboda jiki na kare kitsen da ya saba da shi. Ba ha'inci mutum ya yi ba. Riƙe abin da aka samu a wannan lokacin shi kansa nasara ce.

Gargaɗi: Mai shan insulin ko gilibenkilamayid, wanda aka fi sani da Daonil, ya sanar da likita kafin ya rage abinci. Sukari na iya faɗuwa: rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, rikicewa. A ba shi ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa nan take idan yana iya haɗiya, sannan abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti.

Mataki na 6: Motsa jiki

A soma da tafiyar minti goma bayan abinci, a ƙara minti biyar kowane mako, har a kai minti talatin a kwana biyar na mako. Saurin da ya dace shi ne wanda mutum ke iya magana amma numfashinsa ya ɗan hau. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kabi na haura digiri 40, don haka bayan asuba ko dab da magariba, da gorar ruwa. Inda bayan gari ba tsaro, a zagaya cikin unguwa, kuma a fita mutum biyu ko uku.

Matar da ba ta fita ba a bar ta a baya ba. Zagayen tsakar gida ana duba agogo, daka, shara, duk motsi ne. Mai ciwon gwiwa ya zauna a kujera mai ƙarfi, ya miƙe, ya zauna, sau biyar zuwa goma, sau biyu a yini. A sayi takalmi mai rufi da taushin ƙasa, silifas na jawo tuntuɓe. Kuma wani ya riƙa rakiya, don wanda ake jira a ƙofa bai cika fasawa ba.

Gargaɗi: Ciwon ƙirji, jiri ko haki mai hana magana, a tsaya a nemi likita. Sa leda ko rigar sanyi don a yi gumi ruwa kawai yake fitarwa, kuma yana wahalar da ƙoda.

Mataki na 7: Ɗaki, bayi da fata

Wannan ɓangaren ne masu ƙiba ke jin kunyar faɗa, don haka ku gyara ba tare da an roƙa ba. Masai na tsuguno azaba ne ga gwiwa. Kafinta ko mai walda zai iya haɗa kujera mai rami da za a ɗora a kai, a kafa ƙarfen dafawa a bango. A ajiye benci mai ƙarfi don wanka da alwala, da buta mai dogon baki. Gado ya kai tsayin gwiwa. Kujerar roba mai hannu tana matsewa kuma tana karyewa, benci ko kujerar katako marar hannu ta fi. Wanda tsayuwa ko sujada ta gagara, sallah a zaune ta halatta, hadisin Imrana bin Husaini a Bukhari ya bayyana haka.

Ƙarƙashin nono, ƙasan ciki da matsematsi na riƙe gumi, fata ta yi ja, ta saɓule, ta yi wari. A wanke kullum da sabulu marar ƙarfi, a tsane da tawul ba gurzawa ba, a bar iska ta busar, a sa yankin atamfa mai tsabta a tsakani. Idan ƙaiƙayi da ja sun zauna, yawanci ƙwayar cutar fata ce da ake kira fangas, man kulotirimazol ke maganinsa. Mayukan nan masu haɗi uku na kemis na kwantar da ƙaiƙayi da wuri amma suna sirantar da fata. Mai sukari kuma a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare.

Idan mutum ya faɗi, kada a ja shi ta hannu, za a goce masa kafaɗa, mai ɗagawa kuma ya ji ciwon baya. Ya juya gefe, ya dawo kan gwiwa da tafin hannu, a kawo benci ko kifaffen turmi ya dafa, ya kafa ƙafa ɗaya, ya tashi ya zauna. Idan ya bugi kai ko kwatangwalo na ciwo, a bar shi kwance a nemo taimako.

Gargaɗi: Ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko ɓarin jiki ya mutu, asibiti ne a sa'ar, ba tausa ba.

Mataki na 8: Azumi, ciki, jego da yara

Mai sukari ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin Ramadan don a daidaita magani. Awon sukari da yatsa ba ya karya azumi. Idan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a sha ruwa. Buɗa baki da dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, a yi sallah, sannan abinci. Soye-soyen shan ruwa ne ke sa wasu su fito azumi sun fi yadda suka shiga.

Mai juna biyu ba ta rage nauyi. Ta fara awo da wuri, ta nemi gwajin sukari tsakanin mako 24 da 28, kuma ta haihu a asibiti. A jego a sassauta kunun kanwa, don kanwa na ɗora wa zuciya da jini nauyi kamar gishiri.

Yaro ba a hana shi abinci sai da tsarin likita. A rage lemo, biskit da alawa ga duk yaran gidan, a bar shi ya yi wasa, a kuma je makarantarsa a yi magana da malami idan ana tsokanarsa.

Mataki na 9: Maganin rage ƙiba

Shayin "narkar da teɓa" da ake tallatawa a WhatsApp galibi filasko ne ko abin sa fitsari. Gudawa da ruwa ne ke fita, kitse na nan. An kuma sha samun sibutiramin a ɓoye cikin irin waɗannan kayan, maganin da aka janye a Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin da ba shi da lambar NAFDAC kada ya shiga baki.

Akwai magunguna na gaskiya, irin allurar mako-mako ta semagulutayid da ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy. Suna aiki, amma suna da tsada, suna son firji, ba a ba mai ciki, suna sa tashin zuciya, kuma nauyi kan dawo idan an daina. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic. Likita ne zai rubuta, a saya a kantin magani mai lasisi. Tiyatar rage tumbi ta masu tsananin ƙiba ce, yawanci daga BMI 40, ko 35 tare da sukari ko hawan jini. Wanda ya kai ga magani ko tiyata bai gaza ba, kada a yi masa gori.

Mataki na 10: Kafa ƙungiyar juna a unguwa

Mutum takwas zuwa sha biyu sun isa, mata daban maza daban. Ajin Islamiyya bayan an tashi, ko zauren wani dattijo, ya wadatar. A haɗu duk mako biyu na awa ɗaya. A gayyato ta hanyar baki da baki, kada a yi shela, kuma sunan ƙungiyar ya zama na lafiya, kada kalmar ƙiba ta fito a ciki.

Kayan ƙungiya: sikeli, tef, injin awon jini mai babban maɗauri, injin sukari. A lura, tsinken gwajin sukari ne ke cin kuɗi a kai a kai, don haka a sayi injin da ake samun tsinkensa a garinku. Mutum goma, kowa naira 500 a zama, naira 10,000 ke nan a wata. Ma'aji daban, mai rubutu daban. A roƙi ma'aikacin lafiya na asibitin mazaɓa ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata ya duba lambobin.

Tsarin zama: awo a bayan labule ga wanda ya so, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi masa wuya, a koyi abu ɗaya a aikace kamar auna mai ko dama fura ba sukari, kowa ya ɗauki ƙuduri ɗaya. A littafi a sa lamba a madadin suna.

Gargaɗi: Abu uku ke kashe irin wannan ƙungiyar: gasar wa ya fi raguwa, ɗaukar hoto a yaɗa, da mai shigowa da kayan sayarwa. A haramta su tun zaman farko. Wanda nauyinsa ya dawo shi ya fi buƙatar ziyara, don kunya ce za ta hana shi zuwa.

Mataki na 11: Kai koke inda za a gyara

Koke mai faɗi ba ya samun amsa. A rubuta buƙatu ƙanana da za a iya gani da ido: babban maɗaurin awon jini, sikelin da ke kai kilo 200 ko fiye, awo a bayan labule ba tare da kiran lamba da ƙarfi ba, benci marar hannu a wurin jira, da gadon gwaji mai ƙarfi. A kai takardar ga shugaban asibitin mazaɓa da kwamitin ci gaban mazaɓa, a ba mai unguwa ko hakimi kwafi. Kundin haƙƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya tanadi sirri, mutunci da damar kai ƙara, kuma a asibitocin tarayya akwai teburin karɓar koke na SERVICOM. Wanda aka wulaƙanta ya rubuta rana, sa'a, sashe da abin da aka faɗa, a kai a rubuce.

A je wa liman da roƙon huɗuba ɗaya kan aya ta 11 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. A zauna da shugabannin direbobi a tasha a tsayar da ƙa'idar kujerar gaba ko kuɗin kujera biyu, a riƙa yin cinikin a natse a gefe, ba gaban fasinjoji ba. Ranar 4 ga Maris ce ranar ƙiba ta duniya, a nemi fili a gidajen rediyo tun watan Fabrairu.

A kowace ziyara, mai fama da ƙibar da ya amince shi ne zai yi magana, sauran su mara masa baya. A nemi wanda ya karɓi takarda ya sa hannu da kwanan wata a kwafinku, a tambayi ranar da za a dawo, kuma a koma bayan mako huɗu da kwafin a hannu.